Haƙoran Roba da Alwala Biyar

Paris, Nuwamba 2010

Zuwa ga maiɗakina, Hajiya Rékia,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar nan? Yaya Damagaram, yaya aka ji da kaka? Ki gaishe mini da yayanki da iyalinsa, ko da yake na ji ba ya son a ambaci sunana a zaurensa yanzu.

Tun ƙaramar salla ban ji muryarki ba. In na kira, sai a ce kin tafi unguwa, ke da na san ba ki ƙetare soro bayan la'asar. Na daina kira, yatsuna ma ba sa samun maɓallan wayar daidai. Na koma ga alƙalami, shi aka koya mini da bulala a lakwal, makarantar boko, tun zamanin Nasara, kuma na san za ki karanta da kanki a hankali, ba sai wani ya ji sirrinmu ba.

Na san abin da aka kawo miki. An ce Abdulsalami, wanda ya shekara arba'in a Faransa bai taɓa ba, ya fara shan giya da furfurarsa. Ki ji daga bakina.

Tun bara tafin ƙafafuna suka fara mutuwa. Sai in ji kamar ina taka auduga, wani lokaci kuma kamar an zuba mini garwashi cikin takalmi. Na ɗauka tsufa ne, da sanyin ɗakunan nama na Rungis da na sha shekaru ina ɗaukar shanu a kafaɗa. Kafin azumi, ina fitowa daga metiro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta unguwar Château Rouge, inda mata ke sayar da dafaffiyar masara mutane na ture juna, sai ƙafata ta rasa matakala. Na kai hannu in kama wani abu, ashe zanen wata yarinya na kama. Zanen ya kwance. Mijinta na bayanta. Bai tambaye ni kome ba, Hajiya. Naushin farko ya raba haƙoran robana na sama gida biyu cikin bakina, tsinin robar ya tsaga mini ganɗa. Na biyu ya kai ni ƙasa, ya bi ni da ƙafa a haƙarƙari. Ina so in ba da haƙuri, amma bakin da babu haƙora, cike da jini, ba ya fitar da magana sai gurnani. Na tashi na faɗi, na tashi na faɗi. Na ji wata na cewa tsohon banza, da rana tsaka ya bugu. Kunya ta hana ni bin motar asibiti. Na dafa bango har ɗakina. Haƙoran kuwa daga baya aka gyara mini su.

Shagon Alhaji Bouba yana kallon wurin. Kin san shi a labari, mutumin Garwa mai sayar da atamfa, shi ne shugaban ɗan masallacinmu na ƙarƙashin bene, inda nake kiran salla tun kafin ya zo ƙasar nan. Ya ga kome, bai fito ba. Cikin azumi kuma na yi ruku'u, ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina, na faɗa kan na kusa da ni, sahu ya watse. Ana sallamewa Alhaji Bouba ya miƙe gaban jama'a ya ce wanda ba ya iya tsayuwa gaban Ubangijinsa sai da tangaɗi ya je ya wanke cikinsa kwana arba'in tukuna. Ya sa aka karɓe lasifikar daga hannuna. Wani yaro da na yanka wa ragon sunansa shi ya riƙe ni a wuyan riga ya hau da ni matakala.

Hajiya, ki duba wannan. Kin tuna shekarar da ƙugiyar Rungis ta zubar mini da haƙora, na zo hutu da na roba, kika yi ta dariya wai na koma saurayi? Dasashina ya zaizaye tun daga nan, haƙoran suka yi mini yawa, sai da kol suke zama. Kol wani man liƙi ne ruwan hoda da ake saye a farmasi, cikin mazubi irin na man goge baki. Shi wannan Alhaji Bouba ne ya ce mana, shekaru da suka wuce, alwala ba ta cika in ruwan kurkura bai taɓa naman baki ba. Tun ranar, kowace salla sai na cire haƙoran, na kankare, na kurkure, na sake cika su da kol na mayar. Sau biyar a rana, ko a sanyi ko a tafiya. Mutumin da ke wannan wahala don kada alwalarsa ta sami tawaya, shi ne zai kai kwalba bakinsa?

Wallahi, tallahi, ban sha ba. Ban damu da mutanen Château Rouge ba. Ke ce. Ina so in dawo gida in mutu a ɗakinki, kuma ba zan iya shigowa ba kina kallona da wannan idon.

Ki huta lafiya. Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Abdulsalami

Paris, Janairu 2011

Zuwa ga Hajiya Rékia,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta jikoki. Yaya sanyi a wajenku? Ki yi haƙuri da rubutun, ba gaggawa ba ce, hannun ne ya fara bin ƙafa.

Ban sami amsa ba, amma na san kin yi magana, domin autanki Nazir ya zo daga Lyon babu sanarwa. Bai yi sallama ba. Ya shigo da rigar aikin gadinsa, idonsa ja, ya ce Inna tana kuka a waya, kawu ya ce a raba auren, shi kuma a unguwarsu ta Guillotière ƴan Nijar suna yin shiru in ya shigo gidan shayi. Ya ce ina kwalaben?

Na ce ya zauna ya sha ruwa. Sai ya fara. Ya kifar da katifa. Ya zazzage akwatin da na haɗa na dawowa gida, turmin atamfarki ya faɗa cikin miya. Ya fasa ƙofar kabad da ƙafa. Hoton aurenmu ya faɗo, gilashin ya watse. Na miƙe in riƙe shi, ya fizge hannunsa, ni kuwa ƙafafun nan ba sa riƙe kome, kaina ya bugi ƙarfen dumama ɗaki. Gira ta tsage. Ina kwance ina kallon ɗan da na goya a kafaɗa a kasuwar Dole yana shinshina kofunana ɗaya bayan ɗaya kamar kare.

Ƙarƙashin gado ya jawo kwalaye, yana cewa ga su nan. Ya buɗe. Babu kwalba. Fankon kol ne, matsattsu, a nannaɗe, cike da kwali har baki. Kin san ni da ajiya, ko igiya ba na yarwa. Ya tambaye ni na shekara nawa ne, na ce ban ƙirga ba, amma biyu nake ƙararwa a mako, wani lokaci uku. Ya tsaya yana juya ɗaya a hannu. Sai a lokacin ya dube ni, ya ga jinin ya sauko har gemu, kuma ya ga na taka fasasshen gilashi ya shige tafin ƙafata ban sani ba. Shi ya zare shi, ina kallo kamar ƙafar wani ce.

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na manya, mara sauti. Ya ce mashayi ma yana jin gilashi. Gobe zai tafi da ni Lyon, wai matarsa Hassia tana aikin shara a wani babban asibiti, ta san ƙofar da ake bi.

Kada ki yi masa faɗa. Ke kika aiko shi.

Allah Ya ba ki lafiya da nisan kwana.

Mijinki,
Abdulsalami

Lyon, Maris 2011

Zuwa ga maiɗakina, Hajiya Rékia,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da dukan dangi. Ina fata zafi bai fara takura miki ba. Hassia tana gaishe ki, yarinya ce mai ladabi, ita ke dama mini kunu. Da hannu biyu nake riƙe alƙalamin yau.

An samo ciwon. Sun ɗebi jinina har na gaji, sun soka mini allurai masu wuta a ƙwauri, sun tura ni cikin na'ura mai ƙara kamar ana ƙira. Likitar jijiyoyi ta tambaye ni ko ina sha, na ce in ta sake wannan tambayar zan tashi ko da rarrafe. Sai Nazir ya zube mata buhun fankon nan a kan tebur, domin tun daga Paris ya ƙi rabuwa da su. Ta ɗauki ɗaya ta karanta ƙananan rubutun. Ta ce in buɗe baki.

Ga abin da ta ce, kamar yadda na fahimta. Cikin kol ɗin akwai zinki, dangin ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi. Kaɗan ba ya kome. Amma ni kullum ina haɗiye shi tare da yawu, da tuwo, da goro. Zinki in ya yi yawa sai ya kori jan ƙarfe daga jini, shi kuwa jan ƙarfe, ɗan mitsitsin da Allah Ya sa a jikin mutum, shi ke raya jijiyoyin da suka sauko ta gadon baya. Nawa ya kusa ƙarewa. Mazubi ɗaya da ya kamata ya yi makonni, ni ina gama shi kafin Juma'a ta zagayo. Sun ƙwace kol ɗin, suna ɗura mini jan ƙarfe ta jijiya. Ta ce ciwon zai tsaya inda yake, amma abin da ya mutu da wuya ya tashi. Yanzu da ƙarfe mai ƙafa huɗu nake tafiya, ina tura shi gabana.

Hajiya, ban taɓa sanin akwai irin wannan wuta a cikina ba. Shekara da shekaru ina tsaye gaban madubi, da bisimilla a bakina, ina matsa wa kaina guba da hannuna. Na san yadda ake zare jijiya daga cinyar sa, na yi shi sau ba adadi. In na rufe ido sai in ga waɗanda suka haɗa man nan, suka san abin da ke ciki suka rubuta shi da ƙananan haruffa ba gargaɗi, in gan su rataye a ƙugiya a jere, ni kuma da wuƙata ina bin su ɗaya ɗaya ina zare musu tasu, su ji yadda ake taka ƙasa ba a jin ta. Ina istigfari, ya tafi, ya dawo. Jiya na jefi bango da kwanon kunu. Hassia ta share ta dama mini wani, abin ya fi mari ciwo.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Nazir ya kai ni wurin wata lauya, Maître Sophie, ofishinta na bayan tashar taram, jirgin cikin gari. Ta ce a Amurka mutane da yawa sun kai masu yin irin wannan man ƙara, wasu a keken guragu suka je kotu, kuma tana da wasu tsofaffi nan Faransa masu irin ciwona. Ta karɓi fankon ta ƙulle. Ta ce kotu za ta naɗa likitanta ya duba ni gaban lauyoyin kamfanin, kuma duk faɗansu a kan abu ɗaya zai tsaya: su ce ni na wuce kima, laifin hannuna ne. Ta tambaye ni sau nawa nake sawa a rana. Kafin in buɗe baki Nazir ya taka mini ƙafa, ya manta ba na ji. Ya ce sau ɗaya, da safe. Ita ta dube shi ta ce ba ta neman kowa ya yi ƙarya, ta rufe takardunta.

A hanya ya ce, Baba, in ka ce biyar sun cinye mu, za su ce tsoho ne bai iya karatu ba. Ni da na ci jarrabawar satifika kafin a haifi uban lauyansu. Bai san dalilin biyar ɗin ba, ban faɗa masa ba, domin na san ɗanki.

Ga takardar likita na sa a ciki, da Faransanci take, babu mai karanta miki sai wanda zai yaɗa. In kin so ki ƙona ta. Ni maganata nake so ki yarda da ita, ba hatiminsu ba.

Ki sa ni a addu'a, ko da ba za ki amsa ba.

Mijinki,
Abdulsalami

Lyon, Yuni 2011

Zuwa ga Hajiya Rékia,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa. Ina fata ruwa ya sauka, an yi shuka. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Nazir yana da rai, yana da lafiya, amma yana hannun hukuma.

Ranar da likitan kotu ya duba ni, ɗaki ne mai dogon tebur. Lauyan kamfanin yaro ne mai laushin murya, yana ce mini Monsieur kamar zai ba ni ƴarsa. Aka sa na tuɓe, na tsaya, na rufe ido, na faɗi, aka tare ni, aka rubuta. Sannan aka zo ga tambayar. Nazir yana bayana, ina jin numfashinsa a ƙeyata.

Na yi tunanin ki, Hajiya. Na rubuta miki cewa sau biyar nake cirewa, na kafa miki shi hujja cewa ban sha ba. In na ce wa waɗannan sau ɗaya, to ɗaya daga cikin maganganun biyu ƙarya ce, kuma wata rana za ki ji. Na ce biyar. Na ce saboda alwala, na nuna musu yadda ake kurkura. Na ce wani dattijo a masallacinmu, Alhaji Bouba, ya ce haka ya kamata, ni kuma na bi. Lauyan kamfanin ya rubuta yana murmushi. Maître Sophie ta ce masa ya nuna mata inda aka rubuta a jikin mazubin cewa na biyu ko na biyar yana kashe ƙafa. Murmushin ya ragu, amma bai tafi ba.

A baranda Nazir ya naushi bango har fatar yatsunsa ta saɓule. Na ɗauka shari'ar ce ta ɓata masa rai. Sai ya ce, wato wanda ya koya maka shi ne ya kira ka mashayi? Ya ce ranar Juma'a za mu Paris, in tsaya gaban jama'a in wanke sunana. Ya rantse mini ba zai taɓa kowa ba. Na yarda domin ina so in yarda. Ni ma ina son in ga fuskar Bouba.

Da goyo ya sauko da ni matakalar masallacin. Mutane suka buɗa, wasu suka kau da kai. Ana sallamewa na ja ƙarfena zuwa gaba. Na sa hannu na ciro haƙoran, sama da ƙasa, na ɗaga su. Ban taɓa barin ko ke ki gan ni haka ba. Da wannan bakin, yawu na zuba, na gaya musu abin da likita ta ce. Na ce duk mai haƙoran roba a cikinku ya je a duba jininsa, kuma ya tambayi malamin gaskiya, domin limamin Guillotière ya ce mini babu wanda ya wajabta cirewa.

Alhaji Bouba yana zaune jingine da bango, bai tashi ba. Ya ce a fitar da shi, giyar ce ke magana, yanzu kuma ya zo da ɗansa ɗan gadi ya tsorata mu. Ya ce wa Nazir, yaro, kai ubanka gida ka ɓoye shi.

Ban ga lokacin da Nazir ya tsallake sahu biyu ba. Ya ɗago shi da wuyan babbar riga, hular ta faɗi, ya kai masa naushi a muƙamuƙi, na ji ƙarar har cikin haƙarƙarina, irin wadda na ji a bakin metiro. Ya ƙara. Mutane suka rufa masa, aka fasa fitila, wani ya karya kujera a bayansa, ni ina ihu ba mai fahimtar abin da nake cewa. Sai wani abu ya zame a kan darduma ya tsaya daidai ƙafar ƙarfena.

Haƙora ne, Hajiya. Na sama, cikakku, na roba. Cikinsu dam da kol ruwan hoda, sabo, wanda aka sa bayan alwalar Juma'a, jini na gauraya da shi.

Kowa ya zuba musu ido. Babu wanda ya san Bouba yana da su. Aka ce a tashe shi. Mutum biyu suka kama shi suka tsayar, suna saki ya sulale. Suka sake, ya sake sulalewa, ƙafafunsa na neman ƙasa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ba naushin ba ne, na san wannan neman. Sai aka fara tunawa: ya daɗe yana salla a zaune wai gwiwa, ya daɗe bai riƙe almakashi a shago ba, kullum a jikin bango yake tafiya. Ranar da aka doke ni gaban shagonsa bai fito ba. Wataƙila ya ga tafiyarsa a jikina, ya tsorata, ya ba ta wani suna don kada ta zama tasa. Allah kaɗai Ya sani.

Na zo da niyyar in tofa masa yawu. Na duƙa, da ƙyar, na ɗauki haƙoransa na goge da bakin rigata na miƙa masa. Hannunsa ya kasa riƙewa, nawa ma ya kasa, suka sake faɗuwa tsakaninmu. Ya rufe bakinsa da hannun riga yana kuka.

Ƴan sanda suka zo suka danne Nazir a matakala, gwiwa a wuyansa, suka sa masa ankwa. Aikin gadinsa ya tafi ke nan, ko da an sake shi. Ni na kai shi wurin. Sunana ya wanku a Château Rouge, ga abin da aka wanke shi da shi.

Ban san ko har yanzu kina buɗe takarduna ba.

Mijinki,
Abdulsalami

Lyon, Yuli 2011

Zuwa ga maiɗakina, abokiyar zamana, Hajiya Rékia,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina kwananki, ina gajiya, yaya gida, yaya gwiwa, yaya kowa da kowa? Yau gaisuwar ba ta isa ta.

An saki Nazir. Bouba ya aika daga gadon asibiti cewa ya yafe, alƙali ya yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Yanzu lodi yake a wani sito. Yana cin abinci tare da ni amma ba ya ɗaga ido. Shi Bouba an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, jininsa kuma irin nawa ne, har ya fi. Wasu tsofaffi biyu daga masallacin ma an same su da shi, nasu bai yi nisa ba. Shari'a tana nan. Maître Sophie ta ce biyar ɗina ta yi mana rauni, amma mutum huɗu masu dalili ɗaya sun fi mutum ɗaya, ta ce a shirya jira na shekaru. Na sa hannu Nazir ya tsaya a madadina. Ba ni da shekarun da zan ba su.

Shekaranjiya Hajiya Raliatou, mai kawo turare da kilishi Guillotière, ta yi sallama ta ajiye mini ƙullin tsumma. Na gane bakin zanenki tun kafin in kwance. A da da haƙora nake kwance irinsa, yanzu sai da Hassia ta taimaka. Goro ne fari, a cikin ganyensa, da marfin gwangwanin sardin da aka huhhuda da ƙusa, irin wanda kakarki ke gurza goro da shi a bakin ƙofa. Hujin bai daidaita ba, na san hannun da ya yi shi bai saba riƙe guduma ba.

Na tambaye ta yaushe kika ba ta. Ta ce tun farkon bazara, ta daɗe a Yamai tana jiran biza. Ke nan kafin Juma'ar nan, kafin haƙoran Bouba su faɗi gaban jama'a, kafin kowa ya ba da shaida. Ta ce takardar likita kuwa a gabanta kika hura wuta da ita. Na ce ba wani saƙo? Ta ce akwai, guda ɗaya: "Ki ce masa ya bar haƙoran a can, ya zo da bakinsa."

Na gurza goron, rabi a marfin rabi a yatsana, ban ji ba sai da na ga ja. Na zuba garin a harshe. Rabona da ɗacin nan tun Château Rouge.

Bayan azumi Nazir zai sa ni jirgi. Ki gaya wa yayanki zai ga mutum yana shigowa da tangaɗi, yana magana kamar bakinsa cike da tuwo. Ki sa a cire dokin ƙofar ɗakinki, ƙafata ba za ta gan shi ba. Haƙoran suna cikin kofi a kan taga, nan zan bar su.

Sai na zo.

Mijinki,
Abdulsalami